In an ce daji biyu ne a hanji kuma za a yi aiki da kyamara, ga yadda za ku bi lamarin

Na daɗe ina aiki a ɓangaren tiyata a matsayin nas, kuma cikin maganganun da na ga suna girgiza iyali babu kamar likita ya fito bayan an saka wa mutum kyamara ta dubura ya ce ƙari biyu muka gani ba ɗaya ba. Nan take sai ka ga fuskar kowa ta canza, wata ta fara salati, babban ɗa ya ja likita gefe ya ce shikenan ya yaɗu ke nan ko? To dan Allah ku tsaya nan tukuna, domin amsar wannan tambayar ce farkon komai kuma sau da yawa amsar ita ce a'a.

Yaɗuwa daban, daji biyu daban. Yaɗuwa shi ne ƙari ɗaya ya tashi daga hanji ya bi jini ya je ya sauka a hanta ko huhu. Wanda nake magana a kai kuwa shi ne babban hanjin ya haifar da ƙari biyu ko uku kowanne da asalinsa, ɗaya a ce can gefen dama kusa da afendiks ɗaya kuma can ƙasa gefen hagu, tsakaninsu hanji lafiyayye ne. Likitoci suna lissafa su a matsayin na lokaci ɗaya in an gano su tare ko cikin wata 6 da gano na farko. Cikin masu dajin babban hanji 100 za ka samu kamar mutum 3 ko 4 haka suke, an fi gani ga maza da kuma waɗanda suka manyanta, da masu gadon ciwon a gida, da masu daɗaɗɗen kumburin hanji. Kuma in dai duka biyun ba su fita daga hanjin sun tafi nesa ba, aiki ɗaya zai iya ɗauke su gaba ɗaya. Matakin ciwon ana auna shi ne da wanda ya fi zurfi da yin nisa a cikinsu, ba wai a haɗa mataki na 2 da mataki na 2 a ce ya zama na 4 ba, na sha jin ana wannan lissafin a barandar asibiti kuma ba haka ba ne.

Abu na farko da za ku tambaya, tun kafin maganar kuɗi ko ranar aiki: an ga hanjin duka kuwa? Babban hanji tsawonsa ya kai kamar mita ɗaya da rabi, kuma kolonoskofi, wato waccan doguwar robar mai kyamara a baki, ya kamata ta bi shi tun daga dubura har inda ya haɗu da ƙaramin hanji. Matsalar ita ce mutanenmu ba sa zuwa da wuri, mutum zai shekara yana ganin jini a bayan gida ana ce masa basir ne yana ta shan jiƙe-jiƙe da tsimi, kafin ya zo ƙarin ya yi girman da ya kusa toshe hanya, kyamarar ta zo nan ta kasa wucewa, sai a rubuta an ga ƙari a wuri kaza amma abin da ke bayansa ba a gani ba. To a irin wannan ne ƙari na biyu yake ɓuya. Ku karanta takardar sakamakon ko ku sa a karanta muku, in an rubuta cewa ba a kai ƙarshe ba ku tambayi likitan me za a yi game da sauran. Akwai hoton siti sikan na musamman da ake hura wa hanji iska a duba cikinsa, wani lokacin kuma a ɗakin tiyatar ake saka kyamarar a duba, in duk ba su yiwu ba to dole a sake kolonoskofi cikin wata 3 zuwa 6 bayan aiki. Kar ku bari wannan ta wuce ku. Na taɓa ganin wani dattijo da aka yi masa aiki lafiya lau aka cire ƙari ɗaya, ba wanda ya gaya wa 'ya'yansa a dawo a duba sauran hanjin, sai da ya dawo da ciwon ciki da rama aka tarar da na biyun yana nan tun farko, har yau abin yana min ciwo in na tuna.

Sai ku tabbatar an yanki ɗan nama daga kowane ƙari an kai gwaji daban-daban, kowanne da kwalbarsa da sunan wurin da aka ɗauko shi. Sannan ga wani abu da mutane ba su sani ba amma yana da muhimmanci sosai in da kyamara za a yi aikin, wato ta ƙananan huda a ciki ba buɗe ciki ba, shi ne saka alama. A aikin buɗe ciki likita yana saka hannunsa ya bi hanjin yana lalube har ya ji ƙarin, amma a aikin kyamara hannu baya shiga, dogayen ƙarafa ne kawai, kuma ƙaramin ƙari daga waje ba a ganinsa, hanjin sumul yake. Shi ya sa lokacin kolonoskofi ake tsira wa bangon hanjin baƙar tawada kusa da ƙarin, ranar aiki sai a ga baƙin ɗigon a talabijin a san nan ne. Ku tambaya an saka wa ƙaramin alama? In ba a saka ba likitan tiyatar zai iya cewa a maimaita, kar ku ji haushin kuɗin, gara a maimaita da a yanke inda ba nan ba.

Bayan haka sai hotuna da jini. Siti sikan na ƙirji da ciki da mara don a duba hanta da huhu, gwajin jini na CEA, wani sinadari da dajin hanji kan ƙara yawansa a jini, wanda za a riƙa kwatantawa da shi nan gaba saboda haka a ajiye takardar farko da kyau, gwajin yawan jini da na ƙoda. In ɗaya daga cikin ƙarin yana can ƙasa ne, a ƙarshen hanjin nan mai tsawon santimita 12 zuwa 15 da ke zuwa dubura, to sai an ƙara da wani hoton da ake kira MRI na mara, kuma wannan shi yake iya sauya tsarin gaba ɗaya. Domin dajin wannan wurin in ya yi zurfi ko ya taɓa kaluluwa sau da yawa ba da wuƙa ake farawa ba, da gashi ake farawa, wato ƙona ƙarin da hasken inji, ko gajere na kwana 5 ko dogo na kamar sati 5 zuwa 6 haɗe da kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin daji, sai ƙarin ya ja da baya sannan a yi aiki. Iyali da yawa sukan ga kamar ana ja musu rai ne, a'a, tsarin ke nan. A arewa injin gashi sai manyan asibitoci irin na koyarwa na Shika a Zariya, na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato da Babban Asibitin Ƙasa a Abuja, saboda haka in an ce za a yi gashi ku fara lissafin tafiya da masauki tun da wuri.

Yanzu bari mu zo kan shi aikin kyamarar, lafaroskofi. Ana huda ciki wuri huɗu ko biyar, kowace huda tsakanin milimita 5 zuwa 12, ɗaya yawanci a cibiya, a hura iskar kabon dayoksaid ciki ya tashi kamar tanti a samu wurin aiki, a saka kyamara da dogayen almakashi da abin ƙona jijiya, likita yana kallon talabijin yana aiki. In an gama raba hanjin sai a yi ɗan yanka na santimita 4 zuwa 6 a zaro shi ta nan. Ba sabon abu ba ne, tun 1991 wani likita Moises Jacobs a Mayami ta Amurka ya wallafa bayanin mutum 20 da ya cire wa hanji ta wannan hanyar. Da farko likitoci da yawa sun ji tsoro kar ya zama ana barin daji a baya, sai da aka yi manyan gwaje-gwaje. Wanda aka yi a Amurka da ake kira COST ya fito a 2004 da mutum 872, aka raba su biyu wasu kyamara wasu buɗe ciki, aka ga dawowar ciwon kusan ɗaya ne, sai dai 'yan kyamara sun fi saurin barin asibiti kuma ba su sha maganin ciwo da yawa ba. Na ƙarshen hanji kuma COLOR II ya fito a 2015 da mutum 1044 shi ma ya nuna hakan. Akwai kuma na mutum-mutumi, da Vinci, wanda aka amince da shi a Amurka a 2000, likita ne dai yake juya shi daga kujera, kuɗinsa ya fi yawa nesa ba kusa ba kuma ga yawancin aikin babban hanji ba shi ne yake raba warkewa da rashinta ba.

Ga abin da nake so ya zauna muku a rai. Ƙanƙantar hudar ba ita ce maganin ba. Abin da yake warkar da mutum da yardar Allah shi ne a cire kowane ƙari da isasshen lafiyayyen hanji gaba da baya, a ɗaure jijiyar jinin da take ciyar da wurin tun daga tushenta, a kwaso kitsen da ke rataye da hanjin tare da kaluluwar da ke cikinsa. In likita zai iya yin wannan ta ƙananan huda to madalla, an samu riba biyu. In ba zai iya ba, buɗe cikin da aka yi da kyau ya fi aikin kyamarar da aka yi rabi da rabi sau dubu. Ina faɗin haka ne saboda na ga mutane sun sayar da gona da shanu sun tafi Indiya ko Masar don kawai an ce can ba a yanka ciki, su dawo babu ko kwabo na kemo, alhali kemon nan wata 3 zuwa 6 ne kuma shi ma kuɗi ne. Ku yi lissafin tafiyar duka, ba ranar aikin kaɗai ba. In da halin duka biyun to babu laifi.

Kuma aikin ƙari biyu ya fi na ɗaya tsawo da wahala, likita yana aiki a dama ya koma hagu, ana juya gadon ana sauya wurin tsayuwa, saboda haka tambayar da ta dace ku yi masa cikin ladabi ita ce, likita kana yawan yin cire hanji da kyamara kuwa, ko sai jefi-jefi? Cire afendiks ko matsarmama da kyamara daban, cire hanjin daji daban. Likitan kirki ba zai ji haushin tambayar ba. Sannan ku sani tun yanzu, ana iya farawa da kyamara a ƙare da buɗe ciki, saboda jini ko mannewar hanji ko ƙarin ya kama wani abu. A wancan gwajin na 2004 kusan mutum 1 cikin 5 haka aka yi musu. In aka fito da majinyaci kuka ga dogon bandeji kar ku ce an cuce ku, likitan ya zaɓi ran mutuminku ne a kan kyan fata.

Tambaya mafi nauyi wadda nake ganin iyali ba sa yi sam ita ce nawa za a cire nawa za a bari. In ƙarin biyu suna kusa da juna, jijiya ɗaya take ciyar da su, to da sauƙi, a cire yankin gaba ɗaya a haɗa baki biyu, haɗi ɗaya. Amma in ɗaya yana dama ɗaya yana hagu to hanya biyu ce. Ko a cire yanki biyu a bar na tsakiya, wato haɗi biyu ke nan, ko a cire kusan duka babban hanjin a ɗauko ƙaramin hanji a haɗa shi da ƙarshen, haɗi ɗaya. Kowanne da ladansa da la'adarsa. Mai haɗi biyu ya bar wa mutum hanjin da zai riƙa tsotse ruwa, bayan gidansa zai fi kusa da yadda ya saba, amma wuri biyu ne da za su iya yoyo, kuma yankin tsakiyar nan dole a tabbatar jini yana isarsa tunda an ɗaure jijiyoyi ta gefe biyu, wasu asibitocin har wani koren ruwa suke sawa a jijiya su haska da kyamara su ga ko jinin yana kaiwa. Mai cire kusan duka kuma ya rage fargabar sabon ƙari nan gaba kuma bibiya ta fi sauƙi, amma mutum zai riƙa zuwa bayan gida sau huɗu sau biyar ko fiye a rana musamman watannin farko, ruwa-ruwa, kuma ga tsoho mai shekara 75 wanda dama riƙon nasa ya yi rauni, ko manomi da yake wuni a rana a watan Afrilu, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ni a ganina ga dattijo wanda ba gado ne ya kawo masa ba, barin hanji in zai yiwu abu ne da ya kamata a tattauna da gaske. Ga matashi mai gadon ciwon ko wanda hanjinsa ke cike da tsiro-tsiro kuwa, cirewa da yawa ta fi hankali. Ku gaya wa likita gaskiyar rayuwar majinyacin, sana'arsa, nisan banɗaki, ko yana da matsalar riƙe bayan gida tun da, kar kunya ta hana, da wannan bayanin yake yanke shawara.

Sai maganar jaka, sitoma. Ku tambaya kafin aiki ko akwai yiwuwar a fito da hanji ta ciki, kuma na ɗan lokaci ne ko na dindindin. In haɗin yana can ƙasa sosai sau da yawa ana fito da ƙaramin hanji ta gefen dama na wucin gadi don bayan gida kar ya bi ta kan ɗinkin har ya warke, bayan wata 2 ko 3 ko bayan an gama kemo a mayar. A sa nas ta yi alamar wurin tun kafin aiki, mutum yana tsaye yana zaune yana sunkuye kamar mai ruku'u, kar ya faɗa daidai inda ake ɗaure wando ko zani. Majinyacin da kansa ya kamata ya ji wannan maganar, ba a ɓoye masa ya farka ya gani ba. Na san al'adarmu ta ɓoye wa mara lafiya don kar hankalinsa ya tashi, amma wallahi wanda aka gaya wa tun farko ya fi saurin karɓa.

Shiri kuma yana farawa ne makonni kafin ranar. Yawancin masu wannan ciwon jininsu ya yi ƙasa saboda ƙarin yana tsiyaya a hankali, a gyara shi da maganin ƙarin jini, wani lokacin ta jijiya. A ci abinci mai gina jiki, ƙwai, kifi, wake, nono, nama in ana iyawa, wannan ba lokacin ƙaurace wa abinci ba ne saboda wani ya ce nama yana ciyar da daji. A riƙa tafiya kullum ko da zagaye unguwa ne. Mai shan sigari ya bari aƙalla sati 4 kafin aiki. A kwaso duk magungunan da ake sha a leda a kai wa likitan sa barci ya gani da idonsa, na hawan jini, na suga, musamman masu tsinka jini irin warfarin da clopidogrel, shi zai faɗi ranar da za a tsayar da kowanne, kar ku tsayar da kanku. Na gargajiya ma a faɗa kuma a ajiye shi, ba raini ba ne, wasu suna taɓa ƙoda da hanta kuma ba a san adadin da ke ciki ba. A nemi masu ba da jini tun da wuri. Ita kuma maganar nan da ake yi cewa in ƙarfe ya taɓa daji sai ya haukace ya yaɗu, ba gaskiya ba ce, abin da ya sa ake ganin haka shi ne ana zuwa a makare, a buɗe a tarar ya riga ya tafi.

Ana gobe aiki yawanci za a ba da maganin wanke hanji, ruwa ne mai yawa da ake sha a yi ta zawo, wasu likitocin suna haɗawa da ƙwayoyin kashe ƙwayoyin cuta. A sha shi duka yadda aka ce kuma a bi da ruwa sosai. Amma in mutum cikinsa ya kumbura yana amai baya fitar da iska, kar a ba shi, a kira likita, alamar toshewa ce. Abinci mai nauyi ana tsayarwa awa 6 kafin aiki, ruwa tsararo kuma asibitoci da yawa yanzu suna bari har awa 2 kafin, ku bi abin da naku suka ce.

Bayan aiki, inda iyali suka fi yin kuskure cikin ƙauna shi ne hana majinyaci motsi. Kwanta Baba kar ɗinki ya ɓalle. A'a. Tun shekarun 1990 wani likita a Denmak, Henrik Kehlet, ya nuna cewa tashi da wuri da ci da wuri su suke sa a warke da sauri, yanzu haka ake yi a asibitoci da yawa. Washegari in likita ya yarda a zaunar da shi a kujera, a kama shi ya taka a baranda, sau uku sau huɗu a rana, ya riƙa jan dogon numfashi yana tari yana dafe ciki da filo. A fara da ruwa da kunu mara kauri kaɗan-kaɗan, in ya zauna a ƙara. Zai iya cewa kafaɗarsa tana ciwo, ragowar iskar da aka hura ce, kwana biyu uku take tafiya. Ranar da ya fitar da iska ku gaya wa nas, mu a wurinmu albishir ne, hanji ya farka ke nan. Allurar hana daskarewar jini da ake yi a fatar ciki, sau da yawa ana so a ci gaba da ita har kwana 28 bayan aikin daji, ku tambaya kafin sallama ku koyi yadda ake yinta.

Abin da muke tsoro shi ne yoyon haɗi, kuma ya fi bayyana tsakanin kwana 3 zuwa sati ɗaya, wato wani lokacin bayan an koma gida tunda 'yan kyamara da wuri ake sallamarsu. Ku sa ido: zazzaɓi, bugun zuciya da sauri, ciwon ciki da yake ƙaruwa maimakon raguwa, kumburin ciki da amai, mutum ya rikice ko ya yi laushi haka kawai bayan jiya yana hira. Duk wanda kuka gani a cikin waɗannan, ko tsakar dare ne, a koma asibitin da aka yi aikin kai tsaye. Kar a tsaya kemis a ce maleriya ce a yi allura a jira gobe, wannan jiran shi ne yake kashewa. Haka ƙafa ɗaya ta kumbura ko numfashi ya yi wuya farat ɗaya. Ku karɓi lambar wayar da za ku kira tun kafin ku bar gadon. Ɗaukar abu mai nauyi, jarkar ruwa, buhu, goyon jika, a bari sai bayan sati 4 zuwa 6 ko da hudar ta yi kamar ta warke.

Wanda aka cire wa hanji da yawa ko aka yi wa jakar ƙaramin hanji, babban abokin gabarsa ƙishirwa ce, ga zafin garuruwanmu. Ruwa zalla baya isa, a riƙa haɗawa da ruwan gishiri da sukari na sacet ɗin nan da ake ba yara masu gudawa. In fitsari ya ragu ya yi duhu ko jiri yana ɗibarsa in ya miƙe, asibiti. Tuwon shinkafa, farar shinkafa, ayaba, dankali suna kama bayan gidan. Aya, gyaɗa, gasasshiyar masara, rama da zogale masu kara, ɓawon wake, a ɗaga musu ƙafa makonnin farko don suna iya toshe bakin jakar, daga baya a gwada ɗaya-ɗaya ana taunawa sosai. Azumi a shekarar farko sai an yi shawara da likita. Salla kuwa ba ta faɗi ba, malamai suna da hukuncin mai lalurar da abu ke fita masa ba da ikonsa ba, ku je wurin malamin da kuka yarda da shi a yi masa bayanin yadda jakar take ya faɗa muku yadda za a yi alwala, na ga mutanen da suka daina zuwa masallaci wata da watanni saboda kunya alhali tambaya ɗaya ce ta raba su da wannan ƙuncin.

Sakamakon naman da aka cire yana fitowa bayan sati biyu ko fiye, ku bi shi da ƙafa kar ku jira a kira ku, kuma ku yi masa hoto a waya. A ciki ku duba an yi bayanin kowane ƙari daban, an ce bakin yankan ya fita tas, da kuma adadin kaluluwar da aka samu, ana so a ƙirga aƙalla 12. In an samu daji a ko da guda ɗaya mataki na 3 ke nan kuma za a ba da kemo, irin su FOLFOX ko CAPOX, ana so a fara cikin sati 6 zuwa 8 da aiki, shi ya sa jinkirin karɓo sakamako yake cutarwa. Bayan nan gwajin CEA duk wata 3 zuwa 6, siti sikan lokaci-lokaci, kolonoskofi bayan shekara ɗaya, ana bibiya har shekara 5. Wanda hanjinsa ya taɓa yin ƙari biyu ya fi wani yiwuwar sake yin na uku, ko ya ji garau kar ya tsallake.

Sannan ku tambaya ko za a iya yi wa naman gwajin MMR, kowane ƙari nasa. Shi yake nuna alamar ciwon gado da ake kira Lynch, wanda yake bin zuri'a, ɗa ko 'ya kowanne rabi da rabi ne ya ɗauka, kuma ga mata yana kawo dajin mahaifa ma. In ba a yi a asibitinku ana iya tura ɗan naman da aka daskarar a cikin kaki zuwa wani ɗakin gwajin. In aka tabbatar da shi 'yan gidan suna fara kolonoskofi tun shekara 20 zuwa 25, duk shekara ɗaya ko biyu. In ma ba shi ba ne, 'ya'yan majinyacin da waɗanda suke ciki ɗaya ko uba ɗaya da shi su fara dubawa a shekara 40, ko shekara 10 kafin shekarun da aka gano nasa, duk wanda ya riga zuwa. Wato in an gano na Yaya yana da 45, ƙannensa da 'ya'yansa su je suna da 35. Ku zauna da tsofaffin gidan ku tambaye su wa da wa ya rasu da ciwon ciki ko zubar jini, ta wajen uwa da ta wajen uba, yana da shekara nawa, ku rubuta a takarda ku tafi da ita ranar komawa ganin likita.